CoAP, MQTT ko HTTP: wace saba za ka ɗora wa ƙananan na'urorinka a Sakkwato?

Tankin rijiyar burtsatse mai sola a Bodinga, rumbun albasa a Wurno da ake son sanin zafinsa da damshinsa, firjin magani a ƙaramin asibitin ƙauye, injin ban ruwa a fadamar Kwalkwalawa: a wajen mai haɗa na'ura duk aiki ɗaya ne. Ɗan bod irin ESP32 yana auna wani abu, yana kuma neman inda zai kai rahoto. Inda zai kai ɗin ita ce saba, kuma a irin aikinmu ba ta wuce 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko tsohuwar rauta da aka ɗora wa OpenWrt, manhajar rauta ta kyauta, ba. Babu allo a jikinta, babu linzami. Ta SSH ake shiga, wato daga wata kwamfuta ta cikin hanyar sadarwa, a rubuta umarni, a fita.

A nan mutane suke tsayawa suna wasi-wasi. Manhajoji uku ne suka fi fitowa idan an bincika: coap-server ta libcoap, Mosquitto mai magana da yaren MQTT, da ƙananan sabobin HTTP irin httpd na BusyBox ko lighttpd. Dukansu kyauta ne, dukansu ƙanana ne, kuma kowace tana tashi da umarnin da bai wuce 'yan layuka ba. Saboda haka tambayar "wace ce ta fi ƙanƙanta" ba ta kai mutum ko'ina. Raspberry Pi Zero 2 W mai ram 512 MB zai ɗauki duk ukun a lokaci guda bai ji a jikinsa ba. Bambancin yana wani wuri.

Abin da za a auna su da shi

Na farko, ƙarfin na'urar da ke aiko da saƙon, ba ƙarfin sabar ba. A 2014 hukumar IETF ta fitar da takarda mai lamba RFC 7228 da ta kasa ƙananan na'urori aji uku. Aji na 1 yana da ram kusan 10 KB da ma'aji kusan 100 KB, aji na 2 ram kusan 50 KB da ma'aji kusan 250 KB, aji na 0 kuma bai kai ko na 1 ba. ESP32 da yawancinmu ke saye yana da ram 520 KB. Wato bod ɗin da ke hannunka ya fi ƙarfin abin da masu rubuta waɗannan ƙa'idoji suke nufi da na'ura mai ƙarancin hali. Wannan kaɗai yana sauya lissafi, domin yawancin yabon da ake yi wa CoAP an yi shi ne da waɗancan raunanan a zuciya.

Na biyu, daga ina na'urar take shan wuta. Wadda ke manne da batirin sola na rijiya ba ta da damuwa. Wadda aka rataye a rumbu da ɗan batir guda, ana son ta kai ƙarshen kaka, dole ta yi barci, ta farka, ta aika, ta koma. Kowace daƙiƙa da rediyonta ya yi a kunne daga batirin take fita.

Na uku, hanyar da saƙon ke bi. WiFi a cikin gida ɗaya daban, layin waya daban. Kamfanonin layi galibi suna ɓoye dubban layuka a bayan adireshi guda, saboda haka na'urar da ke kan SIM tana iya kiran waje, amma daga waje ba a iya kiranta kai tsaye.

Sai juriya, wato abin da ke faruwa idan wuta ta ɗauke ta dawo ba kowa a wurin. Sai sauƙi, kuma ba sauƙin ranar kafawa nake nufi ba, sauƙin ranar da ka yi tafiya aka kira ƙaninka ko yaron shago ya duba. Sai haɗari. Kuɗi ya zo a ƙarshe, domin manhajojin ba a sayensu. Abin da ake biya shi ne bod, data da lokacin mutum. Zero 2 W ya fito a 2021 a kan dala 15, Raspberry Pi 4 kuma ya fara daga dala 35 a 2019, amma kafin ya iso Sakkwato daga Legas ko Kano, canjin dala da kuɗin mota sun hau kansa.

coap-server

An tsara CoAP a RFC 7252, a watan Yuni na 2014, musamman don na'urori masu ɗan batir da rediyo mai rauni. Tana tafiya a kan UDP, hanyar jefa saƙo ba tare da ƙulla haɗi ba, ta ƙofa mai lamba 5683, kuma kan saƙonta, wato bayanin da ke gaban ainihin saƙon, bayit 4 ne kacal. Babu gaisuwa kafin magana. Na'ura ta farka, ta jefa ƙunshi ɗaya, saba ta mayar da ɗaya, shi ke nan. Idan amsa ba ta zo cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 ba, sai ta sake aikawa, tana ninka jiran, har sau 4. A wajen tattalin batir babu wadda ta kama ƙafarta cikin ukun.

Kafa ta a Debian ko Raspberry Pi OS:

```
sudo apt install libcoap3-bin
coap-server-notls -A 192.168.1.10 -p 5683 -d 20 -v 7
```

-A shi ne adireshin da za ta saurara a kai, -p ƙofa, -d 20 yana ba na'urori damar ƙirƙirar wurin ajiya har guda 20 da kansu, -v 7 kuma yana sa ta riƙa zayyana duk abin da take yi. Daga wata kwamfuta a gwada:

```
coap-client-notls -m get coap://192.168.1.10/.well-known/core
coap-client-notls -m put -e "72" coap://192.168.1.10/tanki
coap-client-notls -m get -s 60 coap://192.168.1.10/tanki
```

Umarni na farko yana jero abin da sabar ke da shi, kuma za ka ga /time da /example_data da ba kai ka sa su ba. Na biyu ya ajiye 72 a /tanki. Na uku ya zauna minti ɗaya yana jira, duk lokacin da lambar ta sauya sai ta faɗo a allo. Abin yana da daɗin kallo.

Sai dai waɗannan /time da /example_data suna faɗa maka wani abu. coap-server misali ce da masu libcoap suka rubuta don nuna yadda ake amfani da ɗakin karatun lambarsu. Kayan gwaji ce mai kyau ƙwarai, ba a gina ta don ta zauna a gona shekara biyu ba. A yadda muka tashe ta a sama, lambobin suna cikin ram ne, wuta ta ɗauke sun tafi. Ba ta ajiye tarihin awo. Ba ta zuwa da fayil ɗin systemd, mai tashin manhajoji a Linux, da zai tashe ta bayan kunnawa, kai za ka rubuta shi, ka sa Restart=always a ciki. Wanda zai yi aikin gaske da CoAP a ƙarshe sai ya rubuta tasa sabar, da C a kan libcoap ko da Python a kan aiocoap.

Wajen tsaro tana da wani alheri da ba a cika ambata ba. Ana kulle saƙonta da DTLS a ƙofa 5684, kuma ana iya yin hakan da mabuɗi guda da aka raba wa ɓangarorin biyu tun farko, ba tare da takardar shaida ba: coap-server-openssl da -k da mabuɗin, abokin maganar kuma ya ba da -u da -k. Amfanin wannan zai bayyana idan muka zo maganar agogo. Haɗarinta kuwa shi ne a bar 5683 a buɗe ga intanet ba kulle. Tunda UDP ba ya tantance mai aikowa, ɓata-gari suna aiko ƙaramar tambaya da adireshin wani, sabarka ta mayar wa wancan da babbar amsa. Da datarka ake jifan mutumin da ba ka sani ba.

A kan SIM kuma tana wahala. Na'ura ta aika, amsa ta dawo, wannan lafiya. Amma idan saba ce ke son ta taɓa na'urar bayan an yi shiru na ɗan lokaci, hanyar da kamfanin layi ya buɗe wa UDP ta riga ta rufe.

Mosquitto

MQTT ya girmi CoAP da shekara 15. Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper ne suka ƙirƙire shi a 1999 don sa ido a kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam, lokacin da kowane bayit kuɗi ne kuma layi yana yankewa yadda ya ga dama. Wanda ya taɓa neman sabis a bakin gulbin Rima ya san irin wannan layin. Ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta OASIS ta mayar da sigar 3.1.1 ƙa'ida a 2014, siga ta 5.0 kuma ta fito a 2019. Mosquitto, wanda Roger Light ya fara, yanzu yana ƙarƙashin gidauniyar Eclipse.

Tsarinsa na dillali ne, kamar a kasuwar albasa: mai kaya ba ya neman mai saye, wajen dillali yake sauke buhu, mai saye ma wajen dillali yake zuwa. Tanki ya kai lambarsa ƙarƙashin wani suna, misali gona/tanki/ruwa, duk wanda ya yi rajistar wannan sunan Mosquitto zai miƙa masa. Tanki bai san wa ke saurare ba, bai kuma damu ba.

```
sudo apt install mosquitto mosquitto-clients
sudo mosquitto_passwd -c /etc/mosquitto/passwd tanki1
sudo chown mosquitto:mosquitto /etc/mosquitto/passwd
sudo nano /etc/mosquitto/conf.d/gona.conf
```

A cikin fayil ɗin, layi uku:

```
listener 1883
allow_anonymous false
password_file /etc/mosquitto/passwd
```

Sannan sudo systemctl restart mosquitto. Akwai ramuka uku a wannan ɗan gajeren titi. Tun sigar 2.0 ta ƙarshen 2020, Mosquitto da ba a rubuta masa listener ba kansa kaɗai yake saurare. Za ka gwada a cikin Pi ɗin ya yi, ka gwada daga ESP32 ya ce Connection refused, ka fara zargin waya da rauta, alhali layi ɗaya ne ya rage. Tsofaffin darussan intanet da yawa an rubuta su kafin wannan sauyi. Na biyu, -c ɗin da ke cikin mosquitto_passwd sabon fayil yake buɗewa. Idan ka sa shi wajen ƙara mai amfani na biyu, na farkon ya shafe. Na uku shi ne chown ɗin can: idan Mosquitto bai iya karanta fayil ɗin kalmar sirri ba, ƙin tashi yake yi, dalilin kuma yana cikin /var/log/mosquitto/mosquitto.log.

Gwaji da taga biyu. A ɗaya:

```
mosquitto_sub -h 192.168.1.10 -u tanki1 -P sirri -t 'gona/#' -v
```

A ɗayar:

```
mosquitto_pub -h 192.168.1.10 -u tanki1 -P sirri -t gona/tanki/ruwa -m 72 -r -q 1
```

Waɗannan ƙananan haruffa biyu na ƙarshe su ne rabin dalilin da ya sa nake fifita shi. -q 1 yana nufin sai an tabbatar saƙon ya isa, ko da zai zo sau biyu. -r kuma yana sa dillali ya riƙe lambar ƙarshe. Wanda ya buɗe waya da asuba zai ga 72 nan take, ba sai ya jira tanki ya sake magana ba.

Ɗaya rabin shi ne wasiyya. Lokacin da na'ura ke haɗuwa da dillali, tana iya barin saƙo a hannunsa: idan na ɓace ban yi sallama ba, ka sanar da jama'a kaza. Idan aka sa zaman shiru na daƙiƙa 60, dillali yana jira ninki ɗaya da rabi, wato daƙiƙa 90, sannan ya yanke haɗin ya yaɗa wasiyyar. A firjin magani wannan ya fi lambar zafin kanta muhimmanci. Lambar da ta tsaya a digiri 5 tana iya nufin firji lafiya, tana iya nufin na'urar ta mutu tun jiya da 5 a bakinta. CoAP da HTTP ba su zuwa da wannan a shirye, sai ka gina shi da hannunka.

A kan SIM ma ya fi zama daidai, domin na'urar ce ke kiran dillali, kuma haɗin TCP, hanyar da ake ƙullawa kafin a fara magana, yana nan a buɗe, ɗan motsin da take yi lokaci-lokaci yana hana hanyar rufewa. Ta wannan haɗin ne umarni ke komawa, misali a kashe injin ruwa. Idan Pi ɗin yana gona a Goronyo mai gonar kuma yana cikin gari, ana sa Mosquitto na gona ya kira wani Mosquitto da ke kan sabar haya ta intanet, ta hanyar gada, da layukan connection, address da topic. Sabis ya ɗauke, na gona yana tara saƙonnin da aka aiko da -q 1, in dai layin topic na gadar ma an sa masa 1, har 1000 idan ba a sauya adadin ba, ya juye su idan layi ya dawo.

Aibunsa ba ɓoyayyu ba ne. Na'urar da ke barci sai ta sake gaisuwar TCP duk farkawa, ta gabatar da kanta, ta jira amsa, sannan ta aika. Kan saƙon MQTT bayit 2 ne, amma wannan kai-kawon ya ninka na CoAP. A kan WiFi bambancin yana raguwa, domin kama WiFi ɗin kansa yakan fi aikawar cin lokaci, amma yana nan. Haka kuma ba ya ajiye tarihi, lambar ƙarshe kawai yake riƙewa. Mai son tarihi ya bar wannan yana gudana:

```
mosquitto_sub -u tanki1 -P sirri -t 'gona/#' -F '%I %t %p' >> awo.txt
```

Kuma a ƙofa 1883 kalmar sirri tsirara take tafiya. A cikin WiFi na gona mai kulle ana iya haƙuri da haka. Da zarar saƙo zai taka intanet, sai a kulle shi da TLS a ƙofa 8883. Yana da kyau kuma a sa acl_file, ta yadda na'urar tanki ba za ta iya rubutu a sunan injin ruwa ba. Na'urar da ke rataye a fili ana iya sace ta, kalmar sirrinta kuma tana ciki.

Ƙananan sabobin HTTP

Wani mai gonar albasa da aka gama yi wa bayanin dillali da wasiyya ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam, ni dai in buɗe waya in ga ko tanki ya cika. Sauran zance naku na." Aka ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ma akwai." Abin da yake nema HTTP ne, domin shi kaɗai cikin ukun kowace waya ke buɗewa da burauzarta ba tare da an sauke wata manhaja ba.

BusyBox, wanda Bruce Perens ya fara a 1995 don ya shige faifai guda, yana ɗauke da httpd a cikinsa:

```
mkdir -p /srv/gona/cgi-bin
busybox httpd -f -p 8080 -h /srv/gona
```

Duk fayil ɗin da ke /srv/gona yanzu ana ganinsa a waya. Don karɓar awo, a ajiye wannan a cgi-bin da sunan kai, a yi masa chmod +x:

```
#!/bin/sh
echo "Content-Type: text/plain"
echo
echo "$(date -Iseconds) $QUERY_STRING" >> /srv/gona/awo.txt
echo "to"
```

Na'ura ta kira http://192.168.1.10:8080/cgi-bin/kai?tanki=72, layi ya shiga awo.txt da kwanan wata da lokaci. Tarihin da sauran biyun ba su bayarwa kai tsaye, a nan layi ɗaya ne. Kuma duk yaron da ya taɓa koyon yin shafin intanet zai gane abin da ke faruwa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ranar da ba ka gari.

Farashin wannan sauƙi: kan saƙon HTTP rubutu ne, yakan kai bayit ɗari da wani abu ko fiye don aika lamba mai harafi biyu. Kowace kira tana tayar da sabon aiki a sabar. Saba ba ta iya taɓa na'ura, sai na'urar ta riƙa zuwa tana tambaya ko akwai umarni, abin da ke cin batir da data tare. httpd na BusyBox ba ya yin TLS, saboda haka wurinsa cikin gida ne. Haɗari mafi girma kuma yana cikin ɗan rubutun nan na sama: abin da ya shigo daga waje kada a taɓa miƙa shi ga eval, kada a cire masa alamun zance. Ɓarakar Shellshock ta 2014 ta irin wannan ƙofar ta CGI, wato rubutun da ke cgi-bin, ta shiga sabobi masu yawa.

Mai buƙatar TLS ko kalmar sirri mai tsari ya hau lighttpd, wanda Jan Kneschke ya fitar a 2003. Yana zuwa da nasa systemd, lighty-enable-mod cgi yana kunna CGI, lighttpd -tt -f da sunan fayil ɗin saiti kuma yana duba kuskure kafin a sake tashinsa. A rautar OpenWrt akwai uhttpd, galibi ya riga ya zauna a ƙofa 80 yana nuna shafin saitin rautar, ana iya amfani da shi ba a ƙara komai ba.

Abin da ke kashe su duka

Manhajojin nan uku ba safai suke faɗuwa da kansu ba. Abin da ke ƙarƙashinsu ne ke mutuwa, kuma a Sakkwato abubuwa uku ne.

Katin SD shi ne na farko. Wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, katin na iya lalacewa, Pi ya ƙi tashi. Duk sabar da ke yawan rubutu ta fi jefa shi cikin haɗari, ita ce ta HTTP mai ƙara layi a kowace kira. Mosquitto yana sauke abin da ya riƙe zuwa kati duk daƙiƙa 1800 idan ba a sauya ba, wato wuta ta yanke ba sallama kana iya rasa abin da bai wuce na rabin awa ba, katin kuma ya huta. Maganin da ya fi shi ne Pi ya sha daga batirin sola ta na'urar rage wuta zuwa 5V mai kyau, ba daga soket ba, a kuma mayar da rubutun yau da kullum cikin ram.

Zafi shi ne na biyu. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yana wuce digiri 40 a inuwa, akwatin ƙarfe da ke rana kuma ya fi haka nesa. Pi yana fara rage gudu idan ƙwaƙwalwarsa ta kai digiri 80. vcgencmd measure_temp yana faɗin zafin, vcgencmd get_throttled kuma yana faɗin tarihi: 0x0 lafiya lau, 0x50000 an taɓa samun ƙarancin wuta da rage gudu tun kunnawa, 0x50005 yanzu haka ana ciki. Fanka tana taimakawa har zuwa hunturu, lokacin da ƙurar buji ke cika ta. Ƙarfen sanyaya marar fanka da inuwa sun fi daɗewa.

Na uku agogo ne. Zero 2 W da Pi 4 ba su da agogon da ke tafiya idan an kashe su, sai Pi 5 ya zo da shi. Wuta ta dawo babu intanet, lokacin da Pi ya ɗauka ba daidai ba ne. Awo ya shiga da kwanan wata na ƙarya, kuma takardar shaidar TLS na iya ƙin karɓuwa saboda a ganin na'urar lokacinta bai yi ba. ESP32 ma haka yake farkawa bai san ranar ba. A nan mabuɗin da aka raba tun farko yake cin riba, domin bai dogara da agogo ba. Mosquitto ma yana karɓar irinsa ta psk_file. Ko kuma a saya wa Pi ɗan agogo DS3231 mai batirin kansa.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | coap-server | Mosquitto | httpd ko lighttpd |
|---|---|---|---|
| Hanya da ƙofa | UDP, 5683 da 5684 | TCP, 1883 da 8883 | TCP, 80 ko 8080, da 443 |
| Tattalin batir | Mafi kyau | Matsakaici | Mafi ci |
| Aiki a kan SIM | Aikawa lafiya, kiran na'ura da wuya | Ya dace | Aikawa kawai |
| Tura umarni ga na'ura | Akwai, a gida ɗaya | Akwai, nan take | Sai ta zo ta tambaya |
| Sanin na'ura ta mutu | Sai ka gina | Akwai wasiyya | Sai ka gina |
| Tashi bayan ɗauke wuta | Sai ka rubuta systemd | A shirye | lighttpd a shirye, httpd sai ka rubuta |
| Tarihin awo | Babu | Sai da ƙarin umarni | Layi ɗaya |
| Gani a waya | Sai da wata gada | Sai da manhaja | Burauza ta isa |
| Kulle saƙo | DTLS | TLS | lighttpd kaɗai |
| Kuɗin manhaja | Kyauta | Kyauta | Kyauta |
| Abin da zai ci maka | Lokacin rubuta lamba | Sabar haya, idan gona da nisa | Data da kati |

Wa ya dace da wace

Mai tanki ɗaya ko rumbu ɗaya, na'urar tana shan wutar sola, mai kallon kuma yana cikin WiFi ɗaya da ita: httpd na BusyBox ya ishe shi. Kada ya bar na'urarsa tana aikawa duk daƙiƙa, ruwan tanki ba ya gudu, sau ɗaya a minti biyar ko goma ya wadatar, katin ma zai gode.

Mai na'urori daga uku zuwa sama, ko wanda zai kunna inji daga nesa, ko wanda shirun na'ura asara ce a wajensa, kamar mai firjin magani ko mai injin ƙyanƙyasar ƙwai: Mosquitto. Akwai ƙarin dalili: manhajar Tasmota da ake ɗora wa ƙananan makunnai irin Sonoff tana jin MQTT tun daga gida, adireshi da kalmar sirri kawai za ka cike. Ga irin Alhaji mai son ya buɗe waya ya gani, a haɗa biyu a Pi ɗaya: Mosquitto ya karɓi awo, ɗan rubutu ya zuba lambar ƙarshe a fayil ɗin shafi, httpd ya nuna.

Mai gona a Goronyo ko Wurno da gida a cikin gari: Mosquitto biyu da gada a tsakani, ƙofa 8883, na gonar shi ke kira. Kada a ɓata lokaci ana neman buɗe ƙofa a rautar SIM.

Mai tsohuwar rauta da ba ya son sayen Pi ya duba ma'ajinta tukuna. Masu OpenWrt sun daɗe suna gargaɗi a kan rautoci masu ma'aji 4 MB da ram 32 MB, kuma sababbin sigogi sun bar su. Idan tana da sarari, mosquitto-nossl zai zauna a ciki don aikin cikin gida. Idan babu, uhttpd da ke nan.

CoAP kuwa na wanda na'urorinsa ƙanana ne da gaske, masu tafiya da ƙananan manhajojin gudanarwa irin RIOT, Contiki-NG ko Zephyr a kan rediyo mai ƙaramin ƙarfi, da batirin da ba za a koma canzawa ba sai bayan watanni, kuma yana da hannun rubuta tasa sabar. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na kwalejin fasaha da ke aikin kammalawa a kan wannan fanni shi ma ya fara da coap-server da -v 7, ya buɗe Wireshark, manhajar leƙa saƙonnin da ke wucewa, a gefe, ya tace na ƙofa 5683 kaɗai, ya ƙirga bayit ɗin saƙo ɗaya, sannan ya aika lamba ɗaya ta mosquitto_pub da curl, umarnin kiran HTTP, ya ƙirga nasu.